Eriyar zobe ta jaka: SWR ya ƙi sauka a mita 40, kafasita kuma na tartsatsi a wat 5

Ɗan Gidan Haya

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Ina neman a duba mini wata eriya da na haɗa don aikin QRP, wato aikawa da ƙaramar wuta, irin ta zoben nan mai aiki da maganaɗisu, wadda ake naɗewa a jefa a jaka. Babu filin jan doguwar waya a inda nake, shi ya sa na bi ta nan.

Ga yadda take. Babban zoben wayar kowaks ce (mai waya a tsakiya da saƙa a kewaye), RG-213, faɗinsa mita 1, kewayensa kamar mita 3.1. Kowane baki yana da mahaɗin PL-259 da ake ɗaurawa a jikin akwatin roba. A cikin akwatin akwai kafasita mai juyawa ta tsohon rediyo, wadda ake saita eriyar da ita, mai gida biyu, kowane gida kusan pF 500 (pF ma'aunin ƙarfin kafasita ne), tazarar farantanta ba ta kai rabin milimita ba. Gida ɗaya na yi amfani da shi: waya ɗaya a farantai tsayayyu, ɗayar a jikin firam. Ƙaramin zoben da ke shigar da wuta faɗinsa santimita 20. Rediyon Xiegu G90 ne, ina kuma da NanoVNA, 'yar na'urar auna eriya.

A zangon mita 20 (MHz 14) SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo da ake so ya kusa 1, na sauka har 1.2, amma a zangon mita 40 (MHz 7) ba ya yin ƙasa da 2.5 duk yadda na juya kafasitar. Da wuta ta kai wat 5 sai in ji ƙas-ƙas a cikin akwatin, SWR ya yi tsalle. In na saita na janye hannu, saitin ya goce. A FT8 kuma, tsarin nan na aika gajeren saƙo ta kwamfuta, SWR na hawa a hankali tun kafin aikawar ta ƙare. Sannan a mita 40 ina jin mutane sarai, su ba sa ji na. Me zan fara gyarawa? Ko dai in ajiye kowaks in koma bututun jan ƙarfe?

Maƙerin Jan Ƙarfe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yawancin abin da ka lissafa tushensu ɗaya ne, don haka bari mu fara da lissafi, in ka gan shi sauran za su bayyana da kansu.

Ƙaramin zobe yana da turjiya iri biyu a jere. Akwai turjiyar watsawa, wadda ita ce rabon wutar da ke fita iska ta zama sigina, akwai turjiyar asara, wadda ke mayar da wuta zafi. Ta farkon ana samunta da 31,171 sau filin zoben sau kansa, a raba da tsawon zango sau kansa har huɗu. Zobe mai faɗin mita 1 filinsa murabba'in mita 0.785 ne. A MHz 14 lissafin zai ba ka kusan mili-om 92 (mili-om kashi ɗaya ne cikin dubu na om, ma'aunin turjiya). A MHz 7 kuwa ba rabi za ta koma ba, kashi ɗaya cikin 16 za ta koma, wato mili-om 6 ma bai cika ba. A MHz 21 ta kai mili-om 460. Ka riƙe waɗannan lambobi uku.

Asara kuma tana zuwa ne saboda a irin wannan firikwensi wuta ba ta bin cikin ƙarfe, fatarsa kawai take bi. A jan ƙarfe kaurin fatar nan a MHz 14 bai kai milimita 0.02 ba. Saboda haka nauyin ƙarfen ba shi ne abin dubawa ba, faɗin bayansa ne. Saƙar RG-213 kaurinta kamar milimita 8, za ta ba ka asarar mili-om 120 a MHz 14, da 85 a MHz 7, in saƙar mai kyau ce. Bututu mai inci 7/8, irin na masu gyaran AC, zai ba ka 44 da 31.

To ka haɗa. Da kowaks, ko da babu asarar komai a mahaɗai da kafasita, abin da zai fita iska kashi 76 cikin ɗari ne a mita 15 (MHz 21), kashi 43 a mita 20, kashi 6 a mita 40. Wat 5 ɗinka a mita 40 ya koma wat 0.3 ke nan tun kafin a sa asarar mahaɗai. Amsar me ya sa ba a jinka ke nan. Kai kana jinsu ne domin a sauraro sigina da hayaniyar sarari tare suke raguwa, kunne ba ya gane an yi asara. Da bututun inci 7/8 za ka sami kashi 67 a mita 20, kashi 15 a mita 40.

Yanzu kafasita. Yadda ka haɗa ta, duk wutar zoben tana ratsa ɗan harshen ƙarfen nan da ke gugar sandar juyawa, da 'yan ƙwallayen boris. A rediyon da aka cire ta, wutar da ke bi ta nan ba a bakin komai take ba. A zobenka kuwa amfiya uku zuwa biyar ne ke kai-komo a wat 5. Harshen nan kaɗai zai iya cin mili-om da suka fi na dukan saƙar yawa, yana ɗumama, turjiyarsa na canzawa, shi ya sa SWR ke rarrafe a FT8, inda ake riƙe wuta kusan daƙiƙa 13 ba hutu.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Cire wayar da ke jikin firam. Baki ɗaya na zoben ya tafi farantai tsayayyu na gida na farko, ɗaya bakin ya tafi farantai tsayayyu na gida na biyu, firam da sandar juyawa a bar su ba a haɗa da komai ba. Gidajen biyu sun zama a jere ke nan, wuta na tsallakawa ta farantai masu juyawa ba tare da ta bi harshen ba. Ƙarfin kafasitar zai koma rabi, pF 250, kuma ya ishe ka: zobenka indoktans ɗinsa, wato ƙarfinsa na tara maganaɗisu, kamar µH 3 ne, yana bukatar kusan pF 166 a MHz 7, pF 42 a MHz 14, pF 18 a MHz 21. Boltej kuma zai rabu gida biyu, kowane gida ya ɗauki rabi. In akwai 'yan ƙananan kafasitocin saiti masu sukurori a saman kowane gida, da ɗan farin ɓawo a tsakani, ka kwance su ka cire gaba ɗaya, nan tartsatsi ya fi son farawa.

Abu ɗaya da mutane ba sa tsammani: in ka rage asara, boltej a kafasita ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba. Zobe mai lafiya na irin girmanka a wat 5 yana tara bolt 1,200 ko fiye, ƙololuwarsa ta kai 1,700. Busasshiyar iska mai tsabta tana jure kusan bolt 3,000 a kowace milimita, amma da ƙura da kaifin gefen faranti kada ka dogara da fiye da rabin haka. Da wannan kafasitar ka tsaya a wat 5 ko ƙasa. Wat 10 na bukatar tazarar milimita 1 a kowane gida, ko kafasita mai gilashi da aka zuƙe wa iska. Ƙananan nan na roba da ke cikin rediyon hannu ba sa shiga wannan aiki sam, ledar da ke tsakanin farantansu hujewa take yi.

Daga PL-259 zuwa kafasita kada ka sa siririyar waya. Yanko fallen jan ƙarfe mai faɗin milimita 15 zuwa 20, gajere iya yiwuwa, ka liƙa da dalma. Kusoshi aikinsu matsewa kawai, kada wuta ta bi ta jikinsu.

Mai Awo

Malam Maƙeri ya yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara shi ne ka daina hasashe, tunda NanoVNA na hannunka za ka iya auna asarar da kanka kafin ka taɓa komai, ka kuma auna bayan gyara.

Fitar da eriyar tsakar gida, nesa da ƙarfe, tsakiyar zoben ta kai aƙalla mita 1.5 daga ƙasa. Saita ta a MHz 14.060. Matse abin da na'urar ke sharewa ya zama kHz 100 kacal, in ba haka ba ɗigogin awon za su tsallake ramin da SWR ke faɗawa ba ka gan shi ba. Yi kalibireshan a bakin wayar da za ta shiga eriyar, a wannan ɗan faɗin. Gyara ƙaramin zoben har SWR ya sauka kusa da 1.1 ko ƙasa. Sai ka nemi wurare biyu, hagu da dama, inda SWR ya kai 2.62. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce faɗin kamun eriyar. Raba firikwensi da wannan faɗin, ka sami lambar da ake kira Q, wadda ke hawa in asara ta ragu. Riyaktans ɗin zobenka, wato turjiyar da indoktans ɗinsa ke yi wa wuta mai kai-komo, a MHz 14 kamar om 270 ne. Raba 270 da Q, ka sami jimillar turjiya. Mili-om 92 daga ciki ne na watsawa, sauran duk zafi ne.

Zoben RG-213 marar matsala zai nuna faɗin da bai wuce kHz 11 zuwa 15 ba. In ka ga 25 ko 30, kada ka yi murna cewa eriyar na da sauƙin saiti. A ƙaramin zobe faɗin kamu alamar asara ce.

Batun SWR 2.5 a mita 40 kuma, abin da rediyo ke gani ta ƙaramin zobe yana bin firikwensi sau kansa, a raba da jimillar turjiyar babban zobe. In ka sauko daga MHz 14 zuwa 7, firikwensi sau kansa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A zoben bututu mai kyau turjiyar ma kusan haka take faɗuwa, daga mili-om 136 zuwa 37, shi ya sa ƙa'idar ƙaramin zobe ya zama kashi ɗaya cikin biyar na babba take aiki a zanguna da yawa ba tare da an taɓa ta ba. A zoben da asara ta yi wa yawa turjiyar ba ta faɗuwa haka, sai haɗin ya yi rauni a mita 40. Duba taswirar Smith, zanen nan mai zagaye, a na'urarka: in da'irar da ta zana ba ta kai tsakiya ba, haɗin ya yi kaɗan, in ta zagaye tsakiya ta wuce, ya yi yawa. Na kaɗan ana gyara shi da matso ƙaramin zoben ya jingina da babba, ko a baje shi ya yi tsawo a gefen babban, ko a yi wani mai santimita 24 don mita 40 kaɗai. Amma ka gyara kafasitar tukuna, domin wataƙila rabin matsalar ya tafi da ita.

Kuma ka kashe ATU, na'urar daidaita eriya ta cikin G90. Zai nuna maka 1.0 a allo alhali zoben bai kama ba. Saiti da kafasitar eriya ake yi: a juya a hankali har shuu ɗin rediyo ya yi ƙarfi, sannan a aika wat 1 a ƙarasa da ma'aunin SWR.

Ɗan Gidan Haya

Allah ya saka da alheri, Malam. Injiniya Mai Awo, na bi yadda kika ce kafin in canza komai. A 14.060 faɗin da ke tsakanin 2.62 da 2.62 ya fito kHz 28. A mita 40 kuma da'irar ba ta kai tsakiya ba, kamar yadda kika faɗa. Akwai hanyar da zan gane wane mahaɗi ne ke cin wutar? Mitar hannu ta auna turjiya tana nuna mini sifili a ko'ina.

Mai Awo

To ga lissafinka: 14,060 a raba da 28 ya ba da Q kusan 500. Om 270 a raba da 500 ya ba da mili-om 540. Cire 92 na watsawa da 120 na saƙa, saura kusan 330 da ke ɓacewa a kafasita, mahaɗai da abin da ke kewaye da eriyar. A yanzu kashi 17 cikin ɗari ne ke fita a mita 20, wato wat 5 ɗinka bai cika wat 1 ba. Labari mai daɗi shi ne mafi yawan asarar ta inda ake iya gyarawa take.

Mitar hannu ba ta ganin mili-om, wayoyinta kaɗai sun fi abin da kake nema. Yi haka: batirin bolt 12, ƙwan sigina na mota mai wat 21 a jere don ya taƙaita wuta, ka tura ta ratsa mahaɗin da kake zargi. Za ka sami amfiya 1.7 ko kusa, ka auna don ka tabbatar. Sai ka mayar da mitar kan milibolt, ka ɗora tsinkunanta biyu a gefe da gefen mahaɗin, ba a kan wayoyin da suka kawo wutar ba. Milibolt a raba da amfiya, mili-om ke nan. Mahaɗi mai kyau bai kamata ya wuce mili-om 2 ko 3 ba. Gwada tsakanin saƙa da jikin PL-259, tsakanin PL-259 da soket ɗinsa, da tsakanin firam da sandar juyawa kana juya ta, za ka ga lambar na rawa. Ka sani dai wannan awon na wutar batir ne, a firikwensin rediyo asarar ta fi haka, musamman a mahaɗai masu rufin nikel. Masu rufin azurfa sun fi, kuma a ɗaure su tamau da hannu kowane lokaci.

Ka kuma feɗe ɗan guntun wayar ka duba saƙar. Akwai kowaks a kasuwa da aka rubuta wa RG-213 amma saƙarsa shara-shara ce, wani ma alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe. In ka kankare da wuƙa ka ga fari, ko dalma ta ƙi kama shi, lissafin mili-om 120 bai shafe shi ba.

Mai Jakar Goyo

Sallama ga kowa. Ban ƙi lissafin Malam Maƙeri ba, daidai ne, amma ina ganin kada ɗan'uwanmu ya yi saurin komawa bututu. Ya ce eriyar jaka yake so. Bututun inci 7/8 mai mita 3.1 nauyinsa ya kusa kilo 2, ba ya naɗuwa, in kuma aka yanka shi gida huɗu don ya shiga jaka, an ƙara mahaɗai huɗu, ribar da aka samu ta zube a nan. A mita 20 bambancin kashi 43 da kashi 67 bai kai dB 2 ba, kashi ɗaya cikin uku na maki ɗaya a ma'aunin S, mai nuna ƙarfin sigina a allon rediyo. A mita 17 da 15 bai ma kai haka ba. AlexLoop da ake sayarwa, wadda wani ɗan Brazil ya ƙera, ita ma zoben kowaks ce, kuma an yi ta magana da ita tsakanin nahiyoyi da wat 5 zuwa 10. In za a canza waya, LMR-400 ta fi RG-213 tsayawa da kanta a zagaye ba ta langaɓe ba.

In na gida ne da za a kafe a bari, to bututu. Ko a nan ma inci 5/8 ya isa: kashi 60 a mita 20, rabin dB kacal ƙasa da na 7/8, ga sauƙin lanƙwasawa tunda a naɗe ake sayar da shi. A daddale bakinsa da guduma, a huda, a kai wa mai gyaran firji ya yi waldar gas da fallen da zai shiga kafasita.

Maganar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce zaɓen zango. Zoben mita 1 eriyar mita 20 zuwa 12 ce, tana taɓukawa a mita 30, a mita 40 kuwa haƙuri ake yi da ita. Mai son mita 40 da gaske ya faɗaɗa zoben, domin turjiyar watsawa na hawa da faɗi sau kansa har huɗu, asara kuwa sau ɗaya. Faɗin mita 1.6 da bututun 7/8 zai kai kashi 43 a MHz 7. Sai dai kewayensa mita 5 ne, ya kai rubu'in zango tun a MHz 15, ba zai hau mita 15 ba. Zagaye biyu da waya ɗaya ba ya ba da ribar da ake zato, domin wayoyin da ke kusa da juna suna matse wutar juna gefe guda, asara ta ƙaru.

Mu da ke kusa da tsakiyar duniya ma manyan zanguna sun fi yi mana rana. Mita 15 da 17 kan buɗe zuwa Turai da rana har yamma, kuma zagayen hawa da saukar ƙarfin rana na 25 da ya kai ƙololuwa a 2024 ya taimaka wa mita 12 da 10. Mita 40 kuwa da damina cike yake da ƙarar walƙiya. Ga kuma lambar kira mai farawa da 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar ko TT ta Chadi ba kullum ake jinta ba, masu manyan eriya a can su za su yi ƙoƙarin ciro ka. Gwada CW, wato saƙon Morse, a 14.060, 18.086 da 21.060, ko FT8 a 14.074, 18.100 da 21.074, ka duba shafin intanet na PSK Reporter ko Reverse Beacon Network ka ga inda aka ji ka.

Gocewar saiti in ka janye hannu ba abin mamaki ba ne. A MHz 14, inda kafasitar ke kan pF 42, canjin pF 1 tak yana matsar da kamun kusan kHz 170. Kashi ɗaya cikin goma na pF ya isa ya fitar da kai, hannun mutum kuwa ya fi haka. Haɗin gida biyu da aka gaya maka zai rage wannan, domin sandar juyawa ta koma tsakiya inda boltej ya yi ƙasa. Ƙara mata sandar roba mai santimita 15 zuwa 20, da giyar rage gudu mai 6 a kan 1. Ba tare da giya ba, pF 250 a rabin zagaye na nufin digiri ɗaya ya haura kHz 200, ba yatsan da zai iya. Wata dabarar ita ce a yi amfani da ƙaramar kafasita mai pF 60 don manyan zanguna, saiti ya yi laushi, in za a sauka mita 40 a ƙara tsayayya a gefenta. Guntun RG-213 buɗaɗɗen baki yana ba da kusan pF 100 a kowace mita. Guntaye uku masu santimita 40 a haɗe gefe da gefe sun ba da 120. A ja saƙar baya da santimita 1 daga bakin da ke buɗe, a toshe, don kada ya yi tartsatsi.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa

Yarana, kun yi magana mai kyau a kan ƙarfe da kafasita, saura inda za a ajiye eriyar, domin wani kaso na mili-om 330 ɗin nan zai iya zama na muhalli ne ba na mahaɗi ba.

Duk wani ƙarfe da ya yi zagaye a kusa da zoben yana shan wuta daga gare shi: ƙarfen taga, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, rufin kwano, da rodin da ke cikin dakin. A ɗaki mai rufin kwano eriyar za ta yi saiti, SWR ya yi kyau, amma siginar ba za ta je ko'ina ba. Tsakar gida ta fi. A ba ta mita 2 zuwa 3 daga kwano da bango mai rodi, ƙasan zoben ya tashi daga ƙasa kamar faɗin zoben kansa. A saman dakin a ɗaga ta fiye da haka. Sandar da ke riƙe ta ta zama bututun roba na ruwa ko busasshen katako. Sandar kamun kifi baƙa ta kabon tana ɗaukar wuta, ba ta dace ba.

A tsaye ake kafa ta. Siginar ta fi ƙarfi ta gefen zoben, wato inda bakin taya ke fuskanta in tana gudu, ta kuma yi rauni ta inda za ka leƙa ramin. Daga Kano ko Damagaram, Turai arewa take, sai gefen ya kalli arewa da kudu. Ba sai an auna da kamfas ba, ɓangaren da take ji yana da faɗi, ɓangaren da ba ta ji ne siriri. Wannan siririn shi ne amfaninta a gari. Ana yawan cewa eriyar maganaɗisu ba ta jin hayaniyar lantarki, wannan an kambama. Abin da take yi shi ne ta ba ka damar juya ramin ya kalli inbata ko na'urar cajin sola ta maƙwabci, ƙarar ta faɗi da maki biyu ko uku. Tushe ɗaya take kashewa a lokaci guda. In ƙarar daga ƙwayayen LED da cajojin waya na cikin gidanka ne, kashe su ya fi.

Siririn ɓangaren nan da ba ta ji ba zai yi zurfi ba in wayar da ke zuwa rediyo ita ma ta zama eriya. Naɗa RG-58 sau 8 zuwa 10 a zoben ferayit FT140-43 daf da ƙaramin zobe, wayar ta sauka miƙe ta bi sanda, kada ta rataya kusa da kafasita. Alamar rashin wannan ita ce SWR ya motsa in ka taɓa jikin rediyo.

Rana ma na motsa saiti. Jan ƙarfe na buɗewa da zafi, bambancin digiri 20 tsakanin inuwa da rana zai matsar da kamun kHz 2 zuwa 3 a mita 20 daga zoben kaɗai, ban da na kafasita. A bar ta ta ɗauki zafin wurin kafin a yi saitin ƙarshe, akwatin ya zama fari. Da hunturu ƙurar da ke shiga tsakanin farantai tana jawo tartsatsi a wutar da a da ba ta yi, don haka akwatin ya rufu ruf, a riƙa hure farantan da iska, kada a sa mai.

Sai lafiyar jiki, wadda ba na so a ɗauka da wasa don an ji wat 5. Bolt dubu a bakin kafasita yana ƙona fata ƙuna mai zurfi da ke daɗewa ba ta warke ba. Bakunan zoben duka biyu a rufe su da roba. Lokacin aikawa a zauna aƙalla mita 1, in da hali 2, yara su yi nisa, mai na'urar bugun zuciya kada ya matso. Aikawa kuma sai da lasisi da lambar kira daga hukumar ƙasarka.

Ɗan Gidan Haya

Na gode ƙwarai, Baba. Na sauya haɗin kafasitar zuwa gida biyu, na sa fallen jan ƙarfe, na matsa daga bango. Faɗin ya sauko kHz 15, SWR a mita 40 ya koma 1.8, tartsatsin ya tsaya a wat 5. Tambaya ta ƙarshe: wani ya ba ni shawarar in sayi MLA-30 tunda ita ma zobe ce kuma ba ta bukatar saiti. Za ta yi?

Maƙerin Jan Ƙarfe

Ba za ta yi ba. MLA-30 ta sauraro ce kawai, akwai amfilifaya a cikin akwatinta, in ka aika wuta ta cikinta nan take za ta ƙone. Ko a gefe ka kafa ta don sauraro, ka nisanta ta da zoben aikawa.

Da kHz 15, Q ɗinka ya kai kusan 940, jimillar turjiya mili-om 290, abin da ke fita ya tashi daga kashi 17 zuwa kusan 32, ƙarin da ya kusa dB 3. Saura mili-om 75 zuwa 80 a sama da na saƙa da na watsawa, mafi yawansu a PL-259 biyun nan da inda farantai tsayayyu suka haɗu da sandunansu. In farantan tagulla ne ka bi mahaɗin da dalma, in alminiyam ne ka bar su haka. Don mita 40 yi ƙaramin zobe na biyu mai santimita 23 ko 24, ka sa masa mahaɗin BNC don sauyawa, SWR zai sauka ƙasa da 1.3. A FT8 ka rage zuwa wat 3, domin boltej ɗin ya hau yanzu, kuma ka saita ramin SWR a kan inda sautinka yake, wato 14.074 a ƙara masa lambar sautin da ke allon manhajar WSJT-X ta FT8, ba a kan lambar da rediyo ke nunawa ba.